Fitilar da ke Kan Rufin Baba

Auta, fitilar ta zama kore!

Yanzu sai in yi sallama, tunda na sauke abin da ke bakina. Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da jikana, abokin faɗana Guduma. Da malaminmu na ajin yamma zai ga wannan takarda, da ya ce na kafa ƙofa kafin in yi bango. Amma labarin ya ƙi jira in gama gaisuwa.

Kin tuna akwatin nan da masu binciken iska na jami'a suka kafa a kan rufinmu kafin ku tashi, wanda Guduma ke kira rediyon da ba ya magana? Tun da aka kafa shi fitilarsa ja ce. In an yi ruwan sama ta ɗan koma rawaya, kafin ƙasa ta bushe ta sake yin ja. Malamar da ke jagorantar aikin ta gaya mini ja hayaƙi ne, kore kuwa lafiya.

To, rahoton da suka rubuta ya yi aiki. Hukuma ta sa kamfanin fata ya cire tsohuwar tukunyar da suke ƙona tarkace a cikinta, bututun hayaƙinsu ya mutu murus. Na hau rufi da safe in goge wa akwatin kashin tsuntsu kamar yadda na saba, sai na ga kore. Na ɗauka idona ne. Na kira maƙwabcinmu Tela, ya hawo tsani yana haki yana tsine wa gwiwarsa, ya duba ya ce shi da ya yi shekara talatin yana zaɓar zare ba za a koya masa kore ba. Muka zauna a rufin muna kallonta kamar yara.

Ba a nan ta tsaya ba. Mutanen layi suka ce tunda sama ta gyaru, bari mu gyara ƙasa da kanmu. Babbar kwatar nan da ke ɗauko ruwan kamfanin ta bi ta ƙofar gidajenmu, wadda warinta ya hana mahaifiyarki, Allah ya ji ƙanta, buɗe taga har ta bar duniya, mun rufe ta. Ni na buga katakon zubi, Mai Walda ya ɗaure rodi, matasa suka kwaɓa siminti. Daga bakin titi har gada ba mu bar kafar da allura za ta shiga ba. Yanzu yara ƙwallo suke bugawa a kai.

Kuma warin ya tafi, Auta. Ba raguwa ya yi ba, tafiya ya yi. Ina shaƙa har ƙasan ƙirjina ba na jin komai.

Kin san inda na dosa. Likita ya ce kada Guduma ya dawo gidan nan sai iskar ta gyaru, ni kuma ban musa ba ranar da kuka ɗauke shi yana numfashi kamar ana zuga wuta. Ga ta ta gyaru. Gidan nan ya yi mini girma. Ina aske katako in waiwaya in ce a miƙo mini ƙusa, ba kowa. Ki gaya wa ɓarawon nan ƙaramar gudumata da ya ɓoye na gano ta a cikin tulun da ba a amfani da shi, kuma shari'a na jiransa.

Ki ba Dogo direba amsa idan ya juyo. Kada ki kira waya, kin san injin yankan katako ya cinye mini kunne, sai dai in yi ta cewa na'am ga abin da ban ji ba.

Allah ya yi muku albarka.
Babanki.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Mun samu takardarka, mun yi murna. Na karanta wa Guduma da ƙarfi, ya ce a gaya wa tsoho ba satar gudumar ya yi ba, ajiye ta ya yi don kada tsoho ya bugi yatsa. Ya ce kuma in ka ci gaba da kiransa ɓarawo zai zo ya karɓe shagon gaba ɗaya.

Jikinsa da sauƙi sosai. Abin shaƙar nan da ba ya rabuwa da aljihuna, yanzu sai in neme shi in rasa inda na ajiye. Yana gudu, yana faɗa da yaran maƙwabta, ya yi ƙiba har wandunansa sun ƙi shi. Shi ya sa kake ganin ina jan ƙafa, Baba. Na ga yaron nan leɓensa ya yi shuɗi a hannuna sau ɗaya, ba na son in sake gani.

Ba wai ba ma son dawowa ba ne. Maigidana kullum sai ya yi doguwar tafiya zuwa wurin aiki, ya dawo a gajiye ko abinci ba ya iya ci. Da ya ji labarin fitilar har ya fara tambayar inda akwatunanmu suke. Na je wurin likita, ya ce shi ba ya aiki da launin fitila, a kawo masa takarda daga hannun masu binciken. In Malamar ta rubuta cewa yaro mai asma zai iya zama a gidan, ƙarshen wata muna hanya.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini. Da Dogo ya kawo takardarka na ce masa ashe layinmu ya zama aljanna. Ya yi wani iri, ya ce shi dai ranar da ya je karɓa, yana shiga bakin layin wari ya buge shi, irin na ruɓaɓɓen ƙwai, ya fi na da ƙarfi. Na ce ai an rufe kwatar. Ya ce ya gani, shi ma abin da ya ɗaure masa kai ke nan.

Baba, ko mura kake yi? Ka dai san halinka, ko ƙafarka ce ta cire sai ka ce ƙaiƙayi ne.

Ka gaishe da Tela da iyalinsa. Ka riƙa cin abinci da zafinsa, ba sai ya kwana ba.

'Yarka,
Auta.

*

Zuwa ga Malama mai binciken iska,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da abokan aikinki. Ni ne kafintan da akwatinku yake kan rufinsa. Ina miƙa godiyar mutanen layinmu gaba ɗaya, Allah ya saka muku da alheri. Har yau fitilar kore ce, ko ƙiftawa ba ta yi.

Ranar da kuka kafa akwatin kin ce duk abin da muka ga ya canza mu gaya miki, kome ƙanƙantarsa. To ga su, kuma kusan duk alheri ne.

Sauro ya ƙare. Na naɗe gidan sauro na sa a akwati. Kyankyasai ma sun ƙare, sai dai na share su da yawa a bakin rariyar banɗaki, duk sun juya ciki sama. Ɓerayen da suka addabi shagona sun bar ƙasa sun koma cikin silin, ina jin gudunsu ta jikin katako. Magen gidan kuwa ta tare a rufi kusa da akwatinku. Ko kifi na ajiye mata a tsakar gida sai dai ta leƙo daga sama ta yi ta kuka. Tela ya ce ta ga ilimi ne ta bi shi. Shi kuma kajinsa sun yi sanyi, suna kwanciya da rana tsaka, biyu sun mutu, amma kaji dama ba su da alƙawari.

Abu ɗaya ne ya ɓata mini rai. Akwai awarwaron azurfa na matata marigayiya da nake ajiyewa a aljihun ƙasa na kabad. Na ɗauko in goge don in ba 'yata idan ta zo, na tarar ya yi baƙi ƙirin. Na goge shi da toka ya yi fes, na mayar, da na sake dubawa ya koma baƙi. Ban san azurfa na tsufa haka ba.

Sai maganar wari. Tun da muka rufe babbar kwatar da siminti ba wanda ke jin sa a layin. Amma baƙi suna ba mu dariya. Duk wanda ya shigo sai ya toshe hanci yana yatsine fuska. Direban da ke kai mini takardu har ya je ya tsorata 'yata da maganar. Da ya dawo na ce zauna a bencin nan, kada ka motsa. Na zuba masa shayi. Bai kai rabin kofi ba ya ɗago kai ya shinshina, ya sake shinshinawa, ya ce, "Baba, wallahi ya tafi." Haka mai karanta mitar wuta ya yi, haka surukar Mai Walda. Ina ganin tsohon warin ne ya maƙale musu a rai, sai sun zauna sun ga gaskiya.

Ni lafiyata ƙalau. Nakan tashi da ɗan nauyin kai, idanuna na yaji, amma da na hau rufi wurin akwatinku sai ya sake ni. Tsufa ne.

Buƙatata ita ce, ina da jika ɗan shekara biyar mai asma. Saboda hayaƙin nan iyayensa suka tashi da shi. Likitansa ya ce sai ya ga takarda daga gare ku. Ina roƙon ki rubuta layi biyu, ki buga hatimi, cewa iskar gidana ta gyaru. Na riga na share masa ɗakinsa, na bayan nan da ake sauka taki ɗaya, kusa da banɗaki.

Na gode ƙwarai. Allah ya ƙara basira.
Kafinta, mai gidan akwati.

*

Baba,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarka, na gode da kulawar da kake yi wa na'urarmu. Na karanta abin da ka rubuta sau da yawa, kuma ina roƙonka ka karanta nawa a tsanake.

Ba zan iya rubuta takardar da ka nema ba. Don Allah kada a kawo yaron.

Laifin rashin bayani namu ne. Na'urar da ke rufinka ƙura da hayaƙi kawai take aunawa, kuma a can sama. Kore na nufin hayaƙi ya ragu, gaskiya ne ya ragu. Ba ta san abin da ke faruwa a tsakar gidanka ba.

Ruwan da kamfanin fata ke zubarwa yana fitar da wata iska mai guba, ita ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Da kwatar tana buɗe, iskar na watsewa a sarari, kuna shan wari amma ba ta taruwa. Yanzu da aka liƙe ta, ina tsoron ba ta da mafita sai rariyoyin gidajenku. Ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, don haka ƙasa take kwanciya kamar ruwa a kwano, ta fara cika wuri mafi zurfi. Tana mayar da azurfa baƙa. Kuma idan ta yi yawa, abu na farko da take kashewa shi ne jin warin kansa. Direbanka bai daina jin wari don ya tafi ba, Baba. Hancinsa ne ya daina aiki.

Ban tabbatar ba sai na auna. Na'urar da ke auna irin wannan iskar tana hannun abokan aikina a wani gari, na aika a dawo da ita, kuma na sanar da hukumar lafiya. In Allah ya yarda zan iso ranar Asabar ta sama da safe. Kafin nan na aiko da wasu 'yan siraran takardu farare a cikin leda. Ka jiƙa kowace da ɗigon ruwa, ka manna ɗaya a rufi, ɗaya daidai kanka, ɗaya daidai gwiwa, ɗaya a ƙasan ɗakin bayan. Ka manna ka fito, kada ka tsaya. Da yamma ka duba launinsu.

Abin da na fi so shi ne ka bar gidan. In ba zai yiwu ba, ka kwana a rufi, ka bar ƙofofi da tagogi a buɗe, kada ka sunkuya kusa da rariya. Na kira Tela a waya na gaya masa duk wannan, na roƙe shi ya tara mutanen layi, masu ƙananan yara su fara fita. Kada kowa ya ɗaga murfin kwatar da kansa ya leƙa.

Ka aiko mini da lambar wayar 'yarka, ina so in yi mata bayani da bakina.

Allah ya kare mu baki ɗaya.
Mai binciken iska.

*

Zuwa ga Malama,

Assalamu alaikum, da fatan kin tashi lafiya. Na yi aikin da kika sa ni, kuma ban yi ha'inci ba, da ma'aunina na auna.

Ta rufi fara ce tas yadda kika aiko ta. Ta daidai kaina ta yi launin shayin da aka cika wa madara. Ta gwiwa ta yi ruwan ƙasa. Ta ƙasan ɗakin bayan kuwa ban jira yamma ba, kafin in gama ɗaure ledar in juyo ta fara canzawa a kan idona, kamar ana shafa mata gawayi daga ciki. Abin ya burge ni ƙwarai, har na kira Tela ya gani. Na liƙa su duka huɗu a bayan wannan takarda.

Amma Malama, ki yi haƙuri in faɗi nawa. Daɓen ɗakin nan tsoho ne, yana da danshi tun zamanin mahaifina, kome aka ajiye a kai sai ya yi baƙi. Kuma ni na yi shekara da shekaru ina shaƙar abin da ya sa fitilarku ta yi ja, ina tari har in ga taurari. Yanzu tarin ya tafi, barci nake kamar an ɗora mini buhu, wani lokaci sai rana ta haska shago nake farkawa. In wannan ne guba, to ta fi lafiyar da ta gabata daɗi.

An yi taron da kika ce, a ƙofar shagona. Tela ya faɗi saƙonki, bai rage kome ba. Mai Walda ya ce shi bai gane ba, da ana jin wari an ce cuta ne, yanzu ba a ji an ce ya fi cuta, to yaushe ne mutum zai ce ya warke? Wani ya ce a fasa murfi ɗaya a gani, matasan da suka kwaɓa simintin suka ce sai dai a fara fasa su. Aka yi ta magana ƙasa-ƙasa, ba wanda ya ɗaga murya. Ni dai ban taɓa ganin taron layinmu ya tashi ba faɗa ba sai wannan. Har wasu suka yi gyangyaɗi a zaune. Matar Tela ce kawai ta kwashi jikokinta ta tafi gidan ƙanwarta, ta ce shi ya zauna da kajinsa. Layin ya yi tsit yanzu, ko karen gidan gada ba ya haushi.

Na ji maganar ƙasa da sama, ban raina ta ba. In matsalar tsawo ce ai sana'ata ce. Zan buga wa yaron gado mai dogayen ƙafafu da tsani, ya riƙa hawa kamar direban tirela. Shi da zai fi kowa murna.

Lambar 'yata kuwa, ki bar ni da ita. Yarinya ce mai tsoro tun tana ƙarama, inuwar tsumma ma firgita ta take yi. In kika gaya mata maganar guba a waya ba za ta sake taka layin nan ba har in mutu, ko da an wanke shi da sabulu. Ni zan yi mata bayani a hankali idan sun zo. Ke kanki kin ce ba ki tabbatar ba.

Rufi kuwa na kwana sau ɗaya, sanyi ya kama mini baya, na sauko.

Ina jiran zuwanki ranar Asabar. Zan sa a dafa miki wani abu.

Na gode.
Kafinta.

*

Baba,

Assalamu alaikum. Ina rubuta wannan a gurguje, ka yi haƙuri da rubutun.

Malamar ta same ni. Dogo ne ya ba ta lambata da ya kai mata takardarka, kuma kada ka yi masa faɗa, ni na ce Allah ya yi masa albarka. Ta gaya mini kome, har da takardar da ta yi baƙi a ɗakin Guduma. Baba, ka san da wannan, ka aiko mini da saƙon baki ta hannun Dogo cewa in fara ɗaure kaya?

Ban ce ba ka son shi ba. Na san ba wanda ya kai ka son yaron nan, ko ni da na haife shi. Amma ka auna shi da ma'aunin naka. Kansa bai wuce ƙugunka ba. Ba a kan gado yake yini ba, a ƙasa yake tuƙa motocinsa, da ciki yake kwanciya ya leƙa ƙarƙashin kabad. Abin da ya tsaya maka a gwiwa shi a hancinsa yake.

Ba za mu kawo shi ba. Maigidana ma da ya ji ya mayar da akwatunan inda suke. Ba na cewa har abada. In an fasa kwatar, Malama ta auna ta ce lafiya, ni da kaina zan riƙo hannunsa har ƙofar shago.

Yanzu kai nake tsoro wa. Na roƙi Dogo ya tsaya maka ranar Juma'a, na biya kujerar gaba. Ba sai ka ɗauki kome ba sai maganinka da tabarau. Mun gyara maka ɗaki. Guduma ya ce zai ba ka aron filonsa, amma kada ka yi masa minshari. Yana ta tambaya ko tsoho zai zo da gudumar.

In ka ƙi, ranar Asabar da sassafe zan zo ni kaɗai tare da Malama, kuma ba zan koma ba sai da kai. Ka san taurin kan nan a wurin wa na gado shi.

Don girman Allah, Baba, ka shiga motar.

'Yarka,
Auta.

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya yi miki albarka, ban yi fushi ba. Uwa ce ke. Dogo yana tsaye can bakin titi da hankici a hanci, ya yi roƙon duniya na ce ya jira in rubuta miki wannan ya tafi da ita.

Ina cikin farin ciki, don na samo mafita. Na gane inda aka samu saɓani. Ke kin yarda da takarda, ni na yarda da fitila, kuma duka biyun ba su da huhu. Ba wanda ya tambayi mutum.

Ki ji abin da ya faru ɗazu. Na watsa hatsi a tsakar gida, kurciyoyi suka sauko, abin da ba su taɓa yi ba saboda mage. Suka ci kaɗan suka zauna. Na matsa kusa ba su tashi ba. Na sa hannu na ɗauki ɗaya, ta kwantar da kai a tafina, ɗumi da ita, tana lumshe ido. Har yanzu suna nan zaune a jere. Na ce kai, ina ma Guduma yana nan.

Ga abin da zan yi. Yau zan shimfiɗa tabarma a ɗakinsa, a ƙasa, daidai inda takardar nan ta yi baƙi. Zan rufe taga da ƙofa yadda kike rufe masa don sanyi, kada a ce na yi wayo. In tsoho mai tsohon ƙirji ya kwana a wurin ya tashi garau, Malama ba ta da sauran magana, sai ta buga hatiminta. Na ga ta mutumiyar kirki ce, shaida kawai take nema.

Ban gaya wa Tela ba, surutu gare shi. Dama tun jiya ban ga ya buɗe shago ba.

Ki gaya wa ɓarawon nan na goge masa gudumar, na sa mata sabuwar ƙota daidai hannunsa.

Gobe ku zo da wuri. Ke da Malama da mutanen hukumar, da Dogo, da maigidanki in ya samu dama, kowa ma ya zo. Zan bar ƙofar waje a buɗe. In kun yi sallama ban amsa ba kin san kunnen nawa, ku shigo kawai har ɗakin bayan, ku gani da idonku.

Babanki.